Sauro a Kebbi: mai hana barci daban, mai kisa daban

Da wuya ka shiga gida a Birnin Kebbi, ko Argungu, ko Jega, ko Yawuri, ka tarar ba a kashe kuɗi a kan sauro. Magariba na yi sai a aiki yaro shago ya sayo igiyar leƙo. Mai hali ya sayi gwangwanin feshi, marar hali ya karɓi fiya-fiya a 'yar kwalba, uwargida kuma ta zuba ɓawon lemo ko ganyen darbejiya a kan garwashi. In da za a tara abin da gida ɗaya ke ɓatarwa a wannan hanya daga faɗuwar ruwan farko zuwa kaka, da an ga kuɗi masu kauri. Duk da haka, binciken ƙasa da aka yi a 2021 kan zazzaɓin cizon sauro ya gano ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar. A lokacin babu jihar da ta kai haka a Nijeriya, matsakaicin ƙasa baki ɗaya kuwa kashi 22 ne. Nijeriyar kuwa ita kaɗai ke ɗauke da fiye da rubu'in masu kamuwa da maleriya a duniya, da kusan sulusin waɗanda take kashewa.

Ke nan ba sakaci ne ya kai mu nan ba, mutane suna iya ƙoƙarinsu. Abin da nake gani shi ne, yawancin kuɗin da ƙarfin suna tafiya wajen sayen barcin dare ɗaya, alhali abin da ke rage cuta a gari wani aiki ne daban. Kafin a gane wannan aikin sai an san sauron kansa.

Iri uku ne suka fi shafar mu. Akwai wanda masana ke kira Kuleks, mai launin ƙasa-ƙasa, wanda ke hayayyafa a kwata da masai da ruwan wanke-wanken da ya kwanta a bayan gida ya yi baƙi. Shi ne ke cika ɗaki a cikin gari, shi ne mai kuka a kunne, shi ne yawanci ke sa mutum ya tashi tsakar dare yana marin kansa. Amma ba ya ɗaukar maleriyar ɗan Adam ko kaɗan. Akwai Edis, baƙi mai ratsin fari a ƙafafu, mai cizo da rana. Gidansa randa da tulu da tsohuwar taya da gwangwanin da ruwan sama ya shiga, kuma shi ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a maƙwabciyarmu Sakkwato a ƙarshen 2023. Sai na ukun, Anofilis, wanda shi ne mai maleriya, kuma a ƙasarmu shi ne babban mai yaɗa tsutsar da ke jawo tundurmi da gwaiwa. Ana gane shi in ya sauka a bango: kansa ƙasa, bayansa sama, a karkace. Sai dare ya raba yake aikinsa sosai, har zuwa asuba, kuma ba ya cika tayar da mai barci.

Abin da ya fi muhimmanci game da Anofilis shi ne ba ya son ƙazamin ruwa. Ruwan sama yake so, marar zurfi, wanda rana ke duka: sawun kofaton shanu a bakin mashaya, gurbin tayar mota a hanyar da ba kwalta, ramin da aka haƙi ƙasar gini ko ta yin tubali, tabkunan da kogi ke bari in ambaliya ta janye, da fagen shinkafar da aka dasa ba da jimawa ba. Duk wanda ya san fadamar Rima daga Augie zuwa Argungu, Birnin Kebbi, Bunza da Suru, ko bakin Neja daga Bagudo zuwa Yawuri, ya san cewa irin wannan ruwa ba ya ƙirguwa a wurinmu. Shi ya sa unguwa za ta fito gayya ta yashe kwata, sauron ɗaki ya ragu, a ji daɗin barci, amma yara su ci gaba da zazzaɓi. Yasar kwata aiki ne mai kyau, yana maganin wari da ƙuda da Kuleks da ambaliyar cikin gari. Kada dai a ɗauka an gama da maleriya da shi. Haka nan nome ciyawa da hana shuka masara a bayan ɗaki: sauro na iya fakewa a cikin ganye da rana, amma babu sauron da ke yin ƙwai a ciyawa. Duk wanda ya cije ka, daga ruwa ya fito.

Macen sauro ce kaɗai ke cizo, don sai da jini ƙwanta ke nuna. Kusan duk kwana biyu zuwa uku takan sha jini, ta nemi wuri ta huta, ta je ta zuba ƙwai wajen ɗari ko fiye a kan ruwa, ta dawo. A zafi irin namu, daga ƙwai zuwa tsutsa zuwa sauro mai fiffike bai fi mako guda zuwa kwana goma ba. To amma ga wani abu da ba a cika faɗa wa mutane ba. Sauron da ya sha jinin mai maleriya yau, ba zai iya sa wa wani cutar gobe ba. Sai ƙwayar ta yi kwana 10 zuwa 14 tana girma a cikinsa kafin ta isa yawunsa. Mafi yawan sauro ba sa kai wannan lokaci, suna mutuwa tun kafin nan. 'Yan tsirarun da suka tsufa su ne masu kisa. Don haka ba sai an ƙarar da sauro kaf ake karya lagon maleriya ba. In aka sa kowace tafiya neman jini ta zama mai haɗari gare shi, har ya zamana kaɗan ne ke kai mako biyu a raye, cutar za ta ja baya ko da ana ganin sauro a gari.

A kan wannan lissafi aka gina gidan sauro mai magani. Mutane da yawa suna kallonsa a matsayin shinge kawai, alhali tarko ne. Numfashi da warin jikin wanda ke kwance a ciki su ke jawo sauron, ya zo ya sauka a kan ragar yana neman ƙofa, maganin ya kama ƙafarsa, ya mutu. Wanda ya kwana a cikin gidan sauro ya kare kansa, ya kuma rage wa maƙwabcinsa sauro. In akasarin gidajen ƙauye suka rataya, har wanda bai samu ba yana cin moriya. Wani babban nazari da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa daga 2000 zuwa 2015 an kauce wa kamuwa da maleriya sau miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin ɗari na wannan nasara daga gidan sauro ta fito. A Kebbi ma adadin nan na 49 saukowa ya yi: a 2015 ya kai 64, a 2018 ya dawo 52. Ba gidan sauro kaɗai ya yi wannan ba, akwai maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana bai wa yara duk wata a damina, akwai gwaji da magani a asibiti. Amma yana cikin manyan dalilai.

Ƙorafin da ake yi a kansa gaskiya ne, bai kamata a yi watsi da shi ba. Yana da zafi, musamman a ɗakin kwano a watan Afrilu. Sabon gidan sauro yakan sa ƙaiƙayin fuska da yajin ido, wanda maganinsa a baza shi a inuwa ya kwana ya yini kafin a fara shiga. Wanki da omo da shanya a rana suna kashe ƙarfin maganin, sabulu mai sauƙi da inuwa ake so, kuma ba kowane mako ba. Ramin da ya kai girman yatsa ya isa sauro ya shiga, allura da zare sun wadatar. In ba a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma ba, to an kira sauro ne an buɗe masa ƙofa. Akwai kuma matsalar da ta fi ƙarfin mai gida. Ƙa'idar rabo ita ce ɗaya ga mutum biyu, duk bayan shekara uku. A gidan da ke da mata biyu ko uku, da samari a zaure, da tsohuwa a ɗakinta, wuraren kwana sun fi abin da lissafin ya bayar, kuma gidan sauron da yara huɗu ke birgima a ciki a kan tabarma ba ya kai shekara uku. In bai isa kowa ba, mai ciki da ƙananan yara ne a gaba, domin su cutar ta fi kayarwa. Wannan magana ce da ya kamata iyayenmu maza su riƙa ji daga bakin limamai.

Sai dai tarkon yana aiki ne muddin maganin da ke jikinsa yana kisa. A nan ne tarihin ƙasarmu yake da abin faɗa, abin da yawancin 'yan Kebbi ba su taɓa ji ba.

A 1954, zamanin Kebbi tana cikin Lardin Sakkwato, aka fara wani gwaji a yammacin lardin, yankin Birnin Kebbi da kewaye, da hannun gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF. An riƙa bin ƙauyuka ɗaki-ɗaki ana feshe bango da magunguna masu daɗewa, wani yanki DDT, wani BHC, wani kuma dildirin. Da farko sauro ya yi ƙasa sosai. Ba a cika shekara biyu ba, a 1955, sai ma'aikatan suka tarar da Anofilis a ɗakunan da aka fesa wa dildirin, lafiyarsa ƙalau. A yankin Ambursa ne, garin da filin jirgin saman Birnin Kebbi yake a yau. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar babban sauron maleriyar Afirka ya gagari maganin feshi. An kai irin sauron Landan, inda masanin ƙwari George Davidson ya nuna a 1956 cewa abin gado ne, iyaye ke miƙa wa 'ya'ya. Har yau sunan Ambursa yana cikin rubuce-rubucen masana sauro na wancan zamani.

Yadda abin ke faruwa ba wuyar fahimta. Ba wai sauro ɗaya ke sabawa da guba a hankali ba. A cikin dubbai, akwai 'yan kaɗan da aka halitta da abin da ke sa gubar ba ta kama su. In aka fesa, sauran su mutu, waɗannan su rage, su ne za su haifi na gaba. Halittar da ke sabunta zuri'a duk bayan mako biyu ba ta buƙatar shekaru masu yawa kafin jikokin masu taurin rai su cika gari. Bayan Ambursa, an sake wani gwaji mafi girma a Garki, cikin Jigawa ta yanzu, daga 1969 zuwa 1976, inda aka haɗa feshin bango da raba magani ga jama'a. Cutar ta ragu ƙwarai amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya hutawa a bangon ɗaki bayan ya ci, waje yake fita.

Yanzu mu dubi halin da muke ciki. Shekara da shekaru, duk gidan sauron da ake rabawa dangin magani ɗaya ne a jikinsa, wanda ake kira firitiroid. Yawancin igiyar leƙo da gwangwanayen feshi na kasuwa, dangin nan ne. Da yawa daga magungunan da manomi ke fesa wa wake da shinkafa da kayan lambu, su ma dangin nan ne. Tsutsar sauron da ke fagen shinkafa tana tashi ne a cikin ruwan da wannan magani ya sauka ya tsinke, bai kai ya kashe duka ba, ya dai tace masu rauni. Wanda ya gama feshi ya wanke injinsa a bakin fadama ya ƙara wa abin ƙarfi bai sani ba. Kafin sauron ya iso ɗaki ya riga ya fito daga zuriyar da ta tsallake gubar. Gwaje-gwajen da ake yi a sassan Nijeriya, har da Arewa maso Yamma, sun daɗe suna nuna Anofilis yana jure wa firitiroid. In tsohuwa ta ce maka gidan sauron yanzu bai kai na da kisa ba, ba ruɗu take yi ba.

Wannan bai sa gidan sauro ya tashi aiki ba, ko ba komai ragar tana tare cizo. Kuma an fito da sababbi. Akwai wanda aka haɗa wa wani sinadari mai suna PBO, wanda ke toshe hanyar da jikin sauro ke bi ya narkar da gubar. Akwai kuma mai magani biyu, firitiroid da kilofenafa, wanda ke kashewa ta wata hanya daban, ta hana jikin sauron samar da ƙarfi. Gwajin da aka yi a Tanzaniya da Jamhuriyar Benin ya nuna wannan na biyun ya rage kamuwar yara da kusan rabi in aka gwada da tsohon samfuri, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fifita shi a wuraren da sauro ya gagari firitiroid. Tambayar da ya kamata 'yan majalisa da 'yan jarida su riƙa yi duk lokacin rabo ba miliyan nawa aka kawo ba ce kaɗai. Wane iri ne, kuma an gwada shi a kan sauron Argungu da na Zuru kafin a saya? Muna da jami'ar tarayya a Birnin Kebbi da ta jiha a Aliero. Kamo tsutsa daga fadama, a raine ta, a gwada ta da magani duk shekara, aiki ne da ɗalibansu za su iya in an ba su kayan aiki. Sabon maganin ma zai gaji wata rana in aka dogara da shi kaɗai, sai ana sauyawa ana sa ido.

Kayan magariba kuwa, kowanne da iyakarsa. Igiyar leƙo tana korar sauro na wasu sa'o'i, tana da amfani ga masu hira a tsakar gida kafin a shiga kwana. Amma hayaƙinta ba na wasa ba ne: wani nazari na 2003 ya auna cewa ƙurar hayaƙin da guda ɗaya ke fitarwa ta kai ta taba sigari 75 zuwa 137. A rufe ɗaki da jariri da mai asma a kunna ta har safe, wannan sayen wata cuta ne da kuɗi. Gwangwanin feshi yana kashe sauron da ke cikin ɗakin a lokacin, in an rufe ƙofa da taga an fita, sannan a buɗe iska ta shiga kafin a kwanta. Wanda zai shigo ƙarfe biyun dare bai san an yi ba. Hayaƙin darbejiya da ɗoɗɗoya da bunsurun fadama da sarakuwar sauro, waɗanda kakanninmu suka sani, lallai suna kora, masana ma sun gwada wasu sun tabbatar. Sai dai garwashin yana mutuwa tun kafin lokacin da Anofilis ya fi cizo.

Fiya-fiya ce nake roƙon a fitar daga ɗakin kwana baki ɗaya. Yawanci dikulobos ne a ciki, maganin ƙwarin gona, irin wanda ke cikin Sniper, an ɗura a kwalbar da ba ta da suna balle ma'auni. Yana shiga jiki ta numfashi da ta fata. Alamomin gubarsa su ne dalalar yawu, gumi, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi, kuma yaro ƙarami ba ya buƙatar da yawa. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a kasuwanni da kantuna, amma har yanzu ana yawo da shi a baro. Ga haɗarin yaro ya ɗauki kwalbar ya kai baki, ga na yayyafa shi kusa da abinci. Duk wanda ya nuna waɗannan alamomi bayan feshi, a fitar da shi iska, a cire masa kayan jikinsa, a wanke shi, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara.

Motar da ke zagaya unguwa tana busa farin hayaƙi ita ma ba ta cikin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi don maleriya. Hayaƙin yana kashe wanda ya ci karo da shi a iska ne kawai, cikin mintoci ya baje, tsutsar da ke ruwa kuma tana nan za ta fashe gobe. Feshin bangon ciki daban ne, yana aiki wata da watanni in an yi da maganin da sauron wurin bai gagara ba, amma sai ma'aikata masu horo sun shiga akalla gida takwas cikin goma na yankin, kuma yana da tsada. Kuɗin da ƙaramar hukuma za ta zuba a hayaƙin titi, gara ta sa shi a ruwa.

Maganar ruwa ita ce mai wuya, domin a Kebbi ruwan nan shi ne abincinmu. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, noman shinkafar rani ya bunƙasa, mutane sun samu, an yi gini an yi aure. Babu mai hankalin da zai ce a bari. Amma gaskiya ita ce, fadamar da a da take bushewa bayan kaka ta huta, yanzu da ruwa a kwance cikinta har bazara, kuma sauron da a da yake yankewa wata huɗu ko biyar ya samu wurin zama. Makonnin farko bayan dashe su ne mafi haɗari, lokacin da ruwan ke fili rana na dukansa, ga takin zamani yana ciyar da abin da tsutsar ke ci. In shinkafa ta rufe ta yi inuwa, irin wannan sauro yakan ragu.

Akwai dabarar ban ruwa da ake yi a Asiya, wadda masana shinkafa ke koyarwa don tattalin ruwa: a cika fage, a bar shi ya tsotse har fuskar ƙasa ta bushe, sannan a sake cikawa, ban da lokacin fitar da kai da shinkafa ke buƙatar ruwa a tsaye. Manomin da ke sayen fetur don injin ban ruwa zai ga ribarta a aljihunsa tun kafin a zo maganar sauro. Tsutsa kuma ba ta rayuwa a busasshiyar ƙasa, in ruwan ya ɗauke kafin ta cika kwanakinta ta mutu. Sharaɗin shi ne fagen ya daidaita. In akwai kwari da tudu, ruwan zai taru a 'yan ramuka masu ɗumi, waɗanda su ne abin da Anofilis ya fi so, a ƙare an ƙara masa gida. Kuma in mutum ɗaya ya yi, maƙwabtansa goma ba su yi ba, babu abin da zai canja. Aiki ne na ƙungiyoyin manoma da malaman gona, kuma ya kamata ma'aikatar gona da ta lafiya su zauna a kansa tare, su gwada a fadama ɗaya ko biyu, su auna tsutsa su auna buhu.

A cikin gari da manyan ƙauyuka abin ya fi sauƙi. Akwai maganin tsutsa da ake kira Bti, wanda aka samo daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa. Yana kashe tsutsar sauro, ba ya cutar da mutum ko dabba ko kifi, sai dai ana sake zubawa kusan duk mako. Ƙa'idar da masana suka gindaya ita ce a yi amfani da shi inda wuraren ruwan ba su da yawa, ba sa sauya wuri, kuma ana iya gano su. A watan Agusta wannan ba zai yiwu a Kebbi ba, ko'ina ruwa ne. A watan Fabrairu da Maris kuwa, kududdufan da suka rage a gari ana iya ƙirga su da yatsa, da wuraren masu yin bulo, da inda famfo ke yoyo, da bakin rijiyar burtsatse. Mu kuwa sai damina ta kankama muke tuna sauro, lokacin da ya riga ya fi ƙarfin kowa. Da rani ya kamata a cike ƙananan ramuka, a gyara magudanar famfo, a sa wa mai haƙar ƙasar gini sharaɗin ya mayar da rami. Babban kududdufin da ba ya cikuwa, a zuba masa kifi, a gyara bakinsa ya yi zurfi, domin a gefe-gefe inda dabbobi ke tattakawa tsutsar take taruwa, ba a tsakiya ba. Ƙasar Barazil ta taɓa yin irin wannan aiki: sauron maleriyar Afirka ya shiga can a 1930, ya yi ɓarna mai yawa a 1938, kuma zuwa 1940 an kawar da shi, akasari ta hanyar ma'aikatan da aka raba wa yanki-yanki suna bin kowane ruwa da ƙafa, ana kuma bin sawunsu ana duba aikinsu.

Ginin ɗaki ma yana da nasa rabo. Anofilis in ya iso bango sama yake bi, ya shiga ta tazarar da ke tsakanin bango da rufi, inda warin mutane ke fita. Toshe wannan tazara da laka, da sa raga a taga, da gyara ƙofar da ba ta haɗuwa, an gwada su a Gambiya an ga sauron da ke shiga ɗaki ya ragu da kusan rabi. Ba ya buƙatar guba, sauro kuma ba ya gagarar laka. Sai dai a bar tagogi masu raga ta ɓangare biyu don iska, in ba haka ba zafi zai kori mutane waje.

Wajen nan kuwa shi ne inda duk dabarunmu suka fi rauni. Da bazara rabin gari a tsakar gida yake kwana, kuma sanda huɗu da igiya sun isa a kafa gidan sauro a fili. Amma akwai masunta da ke kwana a kan ruwa, da masu gadin injin ban ruwa a fadama, da makiyaya, da almajirai a zaurukan makarantun allo, da iyalan da rashin tsaro ya koro daga yankin Danko-Wasagu da ƙauyukan Zamfara suna kwana a kangaye da azuzuwa. Rabon da ake yi gida-gida yakan tsallake su, domin ba su da ƙofar da za a rubuta wa lamba. Ƙwayar cutar da ke jininsu kuwa ita sauron zai ɗauka ya kai gidan da aka rataya gidan sauro sabo. Ya kamata a riƙa ware musu kaso da sunansu, ta hannun malaman tsangaya da sarakunan ruwa da arɗo-arɗo.

Allurar rigakafin maleriya ta R21 da aka fara bai wa jarirai a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024 babban ci gaba ce, kuma duk uwar da ɗanta ya kai wata biyar ta kai shi, ta kuma cika allurai huɗun da ake yi. Amma ba ta hana cizo, kariyarta kuma ba cikakkiya ba ce, an yi ta ne ta hau kan gidan sauro da maganin damina.

Akwai kuma baƙon da ya kamata a sa wa ido. Wani nau'in Anofilis na Asiya, mai suna sitifensi, ya ɓulla a Jibuti a 2012, kuma an gano shi a Jihar Gombe a 2020. Shi ba ruwansa da fadama. A tankin ruwa yake hayayyafa, da rijiyar siminti, da duro, da wurin da magina ke tara ruwa, ko da tsakiyar rani ne. In ya samu gindin zama a garuruwanmu, inda kowane gida ke ajiye ruwa saboda famfo ba ya zuwa kullum, to rufe tanki da murfin da ya zauna daram, da juye randa a goge cikinta duk mako, za su tashi daga maganin Edis kaɗai su zama maganin maleriya. Dattawa suna tuna zamanin da duba-gari ke shiga gida ya leƙa randa, in ya ga tsutsa a ci tara. Ba tarar ake buƙata yanzu ba. Ana buƙatar mutum biyu ko uku a kowace mazaɓa, da ludayin ɗiban ruwa da littafi, waɗanda suka iya bambanta tsutsar Anofilis mai kwanciya a miƙe a fuskar ruwa da ta Kuleks mai rataye kai ƙasa, suna zagayawa duk mako, suna kai rahoto ga mai unguwa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ana kuma biyansu a kan lokaci.